Ya haddace izu huɗu da kunne, amma layi ɗaya ya gagare shi a littafi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekararmu uku a Jidda, maigidana yana aiki da wani kamfani, shi ya ɗauko mu daga Kano. Yaranmu uku. A kan babban nake rubuto miki, namiji ne, shekararsa tara, yana aji uku a makarantar Larabci ta unguwarmu. Har yau yaron nan bai iya karatu ba. In aka buɗe masa littafi sai kame-kame, ya kira baƙin ba a wurin baƙin ta, ya tsallake layi, in ya gaji ya ƙirƙiro nasa. Amma abin da ya ji da kunne ya zauna ke nan, ya haddace izu huɗu a tahfiz na masallaci, kuma shi ke gyara mana fanka da rimot. Ƙanwarsa mai shekara bakwai ta wuce shi karatu. Malaminsu ya ce ba ya zama wuri ɗaya, makaranta ta ba mu takarda mu kai shi gwajin ƙwaƙwalwa mu kawo musu rahoto. Abbansu ya ce ba inda za a kai masa ɗa a rubuta mahaukaci a takarda, ga kuɗi, ga tsoron kada abin ya taɓa igamarmu, wato takardar izinin zamanmu a ƙasar. Ya ce shi ma haka ya yi yana yaro, bulala ce ta gyara shi, don haka kullum bayan Isha'i sai ya zaunar da shi da wayar caja a hannu. Hajiyarsu daga gida ta ce baki ne, ta aiko da rubutu da hayaƙi ta hannun masu Umara. Wata maƙwabciya kuma ta ce tawahhud ne, wato galahanga. Yaron ya fara fitsarin kwance, kuma duk Lahadi da safe, ranar da ake komawa makaranta a nan, sai ciwon ciki. Shekaranjiya ya ce da ni, "Umma, ni daƙiƙi ne?" Na rasa bakin magana. In kai shi a ɓoye da kuɗin adashina, ko in haƙura?

Uwar yara uku, Jidda

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara da tambayar da ta ɗaure miki baki, don ita ba ta jiran likita, ba ta jiran Abbansu ya sauko. Ki kira shi yau, ki zaunar da shi kusa da ke, ki ce masa a'a, kai ba daƙiƙi ba ne. Kada ki tsaya a nan, don yaro ɗan shekara tara ya san lallashi in ya ji shi. Ki ba shi hujja. Ki tuna masa cewa daga Nasi har Tabaraka suna kansa, ki nuna masa fankar da ke juyawa a saman ku ki ce wa ya tashe ta. Sannan ki gaya masa gaskiyar da ya riga ya sani: karatun baƙi yana ba shi wuya fiye da yadda yake ba wasu, akwai dalili, kuma za ku nemo dalilin. Yaro yana iya jure wahalar karatu shekara da shekaru. Yarda da cewa shi ba komai ba ne ita ke karya shi, kuma ciwon cikin ranar Lahadi da jiƙa shimfiɗa suna gaya miki ya fara hawa wannan hanyar.

Ra'ayina shi ne a yi gwajin, amma ba a ɓoye ba, kuma ba da ido rufe ba.

Kalmar nan "gwajin ƙwaƙwalwa" ita ta fara ɓata lamarin. Bahaushe in ya ji ta, asibitin masu taɓin hankali na Dawanau yake hangowa. Alhali abin da makaranta ke nema, wanda a nan suke kira ƙiyas wa tashkhis, awo ne da tantancewa. Asalinsa ma daga aji ya fito: a 1905 ne Alfred Binet da abokin aikinsa Simon suka tsara irinsa na farko a Faransa, don a gane ɗaliban da ke bukatar ƙarin taimako a makaranta. Ba allura, ba na'ura a ka, ba kwanciya asibiti. Ɗaki ne da tebur da kujera biyu. Masanin halayya, wanda za ki ji suna ce wa akhissa'i nafsi, zai zube wa yaro 'yan dunƙule masu ja da fari ya ce ya jera su su yi kama da hoton da ke gabansa. Zai karanto masa lambobi ya maimaita, sannan ya maimaita su ta baya. Zai tambaye shi me ya haɗa abu kaza da abu kaza, ya ba shi alamomi ya kwafa ana duba agogo. Wannan shi ne fasalin gwajin Wechsler na yara, wanda ake yi wa 'yan shekara 6 zuwa 16, ko kuma a yi masa Stanford-Binet, dukansu akwai su da Larabci. Bayan haka sai awon karatun kansa: a ba shi kalmomi na gaske, a ba shi na ƙirƙira waɗanda ba su da ma'ana don a ga ko yana iya haɗa baƙi da sauti ba tare da cinta ba, a ce ya cire sautin farko na kalma ya faɗi abin da ya rage. Ke da Abbansu za a yi hira da ku tun daga goyon cikinsa, haihuwa, yaushe ya yi tafiya, yaushe ya yi magana, a ba malaminsa takardar tambayoyi ya cika. Aikin kan ɗauki sa'o'i, sau da yawa a zama biyu ko uku. Duk wanda ya kalli ɗanki minti goma sha biyar ya buga hatimi, bai auna shi ba, kuɗinki kawai ya auna.

Daga nesa ba zan sa wa ɗanki suna ba, ba hurumina ba ne. Amma hoton da kika zana, kunne mai kaifi, hannu mai fasaha, ido kuma ya kasa kama baƙi, ya yi kama da abin da ake kira disleksiya, Larabawa su ce usrul ƙira'a. Matsalar ba ta ido ba ce kamar yadda mutane ke zato, kuma ba ta ƙarancin basira ba ce. Ƙwaƙwalwa ce ke shan wuya wajen tsinka kalma zuwa sautukanta da ɗaura kowane sauti a kan baƙinsa. Tana bin jini a dangi, ki riƙe wannan a ranki, zai yi mana amfani in mun zo kan Abbansu.

To amma ga inda nake so ki buɗe ido sosai, don nan ne ake yi wa 'ya'yanmu kuskure a ƙasar nan ba da mugun nufi ba. Ki lissafa abin da aka ɗora wa yaron nan kafin ya cika shekara tara. A Kano ya fara boko, ana rubutu daga hagu zuwa dama. In ya taɓa zama gaban allo, ya yi babbaƙu da farfaru a rubutun Warshu, inda fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Ya sauka Jidda aka miƙa masa mus'hafin Hafsu, inda mai ɗigo ɗaya a sama shi ne fa, ƙaf kuma biyu gare shi. Wato baƙin da jiya aka dake shi don ya kira ƙaf, yau ana dukansa don bai kira shi fa ba. A lissafi ma haka: ɗan zagayen da ya sani a matsayin sifili, a nan biyar ne, sifilin kuwa ɗigo ne kawai. A gida Hausa, a layi Larabcin Hijaz, a littafi fusha, wato daidaitaccen Larabci, wadda ko 'ya'yan Larabawan sai an koya musu ita. Ga baƙaƙen ba da ta da sa da nun da ya, waɗanda a farko da tsakiyar kalma gangar jikinsu ɗaya, ɗigo ne kawai ya raba su. Ga shi yana gab da ajin da littattafai ke fara janye wasali, a bar yaro ya cike da sanin harshe. Na taɓa zama da wata yarinya 'yar mutanenmu tana min karatu, ta sa ɗan yatsa a ƙasan kalma tana ƙirga ɗigo da leɓe, ɗaya, biyu, sama, kafin ta furta baƙin. Da ta kai ƙarshen layi ta manta farkonsa. Malamarta ta rubuta mata "ba ta mai da hankali", alhali duk ajin babu mai kashe hankali irin nata.

Masu nazarin koyon harshe, irin su Jim Cummins na Kanada, sun daɗe da nuna cewa yaron da ya zo sabuwar ƙasa yakan kama harshen hira cikin kamar shekara biyu, amma harshen karatu na aji yana ɗaukar shekara biyar zuwa bakwai. Naki yana ta uku. Ƙa'idar da likitoci ke bi ma ta faɗi wannan a fili: ba a ce yaro yana da larurar koyo sai wahalar ta kai aƙalla wata shida duk da an ba shi taimako na musamman, kuma sai an tabbatar ba rashin ƙwarewa a harshen koyarwa ne ya jawo ta ba, ba matsalar ji ko gani ba ce. Saboda haka ranar gwaji, kafin a buɗe akwatin dunƙulen nan, ki gaya wa mai gwajin da bakinki, ko Abbansu ya faɗa in Larabcinsa ya fi naki: Hausa muke yi a gida, yana da shekara shida ya fara jin Larabci, ya fara da boko da Warshu. Ki roƙi a rubuta haka a cikin rahoton. Ki roƙi a haɗa masa da gwajin da ba ya dogara da harshe, irin na Raven ko Leiter, inda zane da siffofi ne kawai. Dalili kuwa, gwajin nan maki ne ake kwatantawa da na yaran da aka haifa cikin Larabci. In aka tambayi ɗanki ma'anar kalmar fusha ya yi shiru, ba a auna basirarsa ba, an auna shekarunsa ne a Jidda.

Za ki ce to ai ƙanwarsa tare suka zo, ga ta tana karatu. Wannan hujja ce mai nauyi, ita ce ma ta sa ban ce miki harshe ne kawai, ki ƙyale shi zai kama ba. Sai dai ita tana da shekara huɗu ta zo, da Larabci ta fara sanin baƙi, ba ta da wani tsohon karatu da za ta warware. Abin zai iya zama harshe, zai iya zama disleksiya, zai iya zama duka biyun sun haɗu. Raba su shi ne aikin mai gwaji, shi ya sa nake so ki sami wanda ya san aikinsa. A nan duk mai duba marasa lafiya sai da rajistar Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya, Hai'atut Takhassusat, kuma ba rashin kunya ba ne ki tambaya ko yana da ita.

Kafin ma a kai ga tebur da dunƙule, akwai abubuwa masu araha da ya kamata a fara kawarwa. A auna jinsa, a auna ganinsa. Yaron da ya sha ciwon kunne yana ƙarami yana iya jin magana amma ƙananan sautuka su riƙa kuɓuce masa. A duba jininsa, don ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yana rage natsuwa. In yana da sikila ki faɗa tun farko, saboda takan taɓa ƙwaƙwalwa a ɓoye ba tare da an ga shanyewar jiki ba, sai dai a ga karatu ya ja baya. In kina sa musu kwalli na gargajiya ki faɗa, wasunsa na ɗauke da dalma, kuma mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani. Ki lura ko yana minshari da dare, ko yakan yi tsai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu kamar an ɗauke wuta, a kira shi bai ji ba. Ki gaya wa likitan batun fitsarin kwancen ma, a duba fitsarin, ko da yake ina kyautata zaton tsoro ne. Duk wannan likitan yara ne zai yi, a ƙaramin asibitin (mustausaf) da katin inshorarku ke aiki.

Batun rashin zama wuri ɗaya kuwa, za ki ji ana ce miki farɗul haraka, wato ƙiriniya da tarwatsewar hankali da suka wuce na sa'anninsa. Shi ma da sharuɗɗansa: alamomin su bayyana kafin shekara 12, su ɗore wata shida, kuma a gan su a wuri biyu ko fiye, ba aji kaɗai ba. Ki tambayi malamin tahfiz yadda yake a halƙa, wato zaman haddarsu. In a can yana zaune daram, a gida yana iya cin abinci ya gama, sai an buɗe littafi ƙafarsa ke ƙaiƙayi, to wataƙila gudun kunya ne, gara a ce masa fitinanne da a ce masa jaki. In kuwa ko'ina haka yake, a faɗa wa mai gwaji, don larurorin biyu sukan zo tare. Ko an tabbatar, magani ba dole ba ne a ranar farko, kuma likita ƙwararre ne kaɗai ke rubuta shi, kada ki karɓi ƙwaya daga hannun wata don ta yi wa nata ɗan aiki. Tawahhud ɗin maƙwabciyarki, wanda muke kira galahanga, ya fi shafar mu'amala da mutane, haɗa ido, fahimtar nufin wani, da nacewa kan abu ɗaya, kuma tun yaro na ƙarami ake ganin alamunsa. Ba ki ambaci ko ɗaya daga ciki ba. Ki bar mata kalmarta.

Yanzu Abbansu. Kada ki ɗauke shi abokin gaba a wannan magana, ko da yake wayar cajar nan ta ɓata min rai ƙwarai. Mutum ne da ke biyan riyal 400 duk wata a kan kowane ɗayanku, ke da yara uku, kuɗin murafiƙin, kafin haya, kafin cefane, kafin saƙon gida. Zamansa a hannun kamfani yake. Irin wannan mutumin duk takardar da ke da hatimi tsoro take ba shi. Kuma ya faɗi wata magana da nake so ki juya ta a ranki: shi ma haka ya yi yana yaro. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa fiye da yadda ya sani. Ki lura, ba don gori ba, ko har yau ya fi son saƙon murya a kan na rubutu, ko yakan miƙa miki takarda ya ce karanta min idona ya gaji. In haka ne, to duk dare bayan Isha'i ba ɗansa kaɗai yake gani a tabarmar nan ba, yana ganin wani yaro da aka yi wa dariya a aji shekara talatin da suka wuce. Bulala ba ta koya masa karatu ba, naci da shekaru ne suka koya masa, bulalar ta zo ta karɓe ladan.

Kada ki tare shi da wannan a gaban yara, ko lokacin da wayar ke hannunsa. Ki bari ranar Juma'a bayan ya ci ya huta. Kada ki ce "gwajin ƙwaƙwalwa", ki ce makaranta na son a gano ta inda karatun ke shiga masa, don kunnensa ya fi idonsa. Ki ɗauki tsoronsa ɗaya bayan ɗaya. Hauka: mai gwajin karatu ba hauka yake nema ba, kuma rahoton a hannunku za a ba ku shi. Igama: abin da ake dubawa wajen sabunta ta fasfo ne da inshorar lafiya da biyan kuɗaɗe, karatun yaro ba ya cikin lissafin. Kuɗi: ku kira lambar da ke bayan katin inshora ku tambayi abin da suke ɗauka na duba girma da halayyar yara, ku nemi amsar a rubuce, ku kuma kira 937 na Ma'aikatar Lafiya su faɗa muku asibitin da ke da sashen girma da halayyar yara (numuw was suluk) mafi kusa da ku da yadda ake samun tura mutum can. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya tak, na ɗan lokaci: ya ajiye wayar wata biyu. Ki ce masa shekara uku ana duka ba a ga canji ba sai fitsarin kwance, a gwada wata biyu ba duka a gani. Ki tuna masa hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa wanda ke karanta Alƙur'ani yana in'ina, yana shan wuya, lada biyu gare shi. Wanda aka yi wa alkawarin lada biyu bai cancanci bulala biyu ba. In maganarki ba ta shige shi ba, malamin tahfiz ɗin nan shi ne makaminki. Namiji ne, malami ne, ya ga baiwar yaron da idonsa. Abin da miji ya ƙi ji daga matarsa a ɗaki, yakan ji shi daga malam a ƙofar masallaci. Haka nan mai ba ɗalibai shawara na makarantar, muwajjih, Abbansu ya je ya zauna da shi da kansa, tunda makarantar maza ce, shi zai fi samun shiga.

In dukan ya kai ga tabo ko rauni, wannan ya wuce batun karatu, ki tsaya tsakani ki sa manya a ciki ba tare da jinkiri ba.

Hajiya kuwa ki yi mata godiya, har zuciya. Tsohuwar da ta bi malamai ta nemo mai tafiya Umara ta ɗaura masa ƙulli, son jikanta ne ya sa ta. Ba sai kin yi musu da ita kan baki ba. Ki ce Hajiya muna addu'a, muna tofa masa Falaƙi da Nasi, ga zamzam a gida, za mu kuma haɗa da asibiti a duba kunnensa da idonsa. Ba tsohuwar da za ta ƙi a duba kunnen jikanta. Hayaƙin ne zan ce a yi hattara da shi, musamman a ɗaki rufe mai na'urar sanyaya, kuma duk abin sha da ba ki san me aka haɗa a ciki ba ki ajiye shi gefe. Abu ɗaya kuma: kada a riƙa faɗa a gaban yaron cewa an yi masa baki ko iska ta taɓa shi. Yana fama da "daƙiƙi", kada a ƙara masa da "mai aljanu". In Hajiya ta gamsu, kin sami wadda in ta ce wa ɗanta kai shi, ba zai ce a'a ba.

Shi ya sa ban goyi bayan zuwa a ɓoye ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, yaro zai faɗa, makaranta za ta kira uba. Cibiyar ma za ta iya neman sa hannun waliyyi. Abin da ya fi wannan, gwaji mai kyau yana bukatar bakin uba, tarihinsa na karatu yana cikin abin da ake tambaya, kuma duk shawarar da rahoton zai bayar a gidan nan za a yi aiki da ita, a tabarmar bayan Isha'i. Kuɗin adashinki ki riƙe su, ki sa su a gabansa a fili in kuɗi ne ya rage, ki ce ga gudummawata.

In ya kafe duk da haka, ba ki rasa abin yi ba. Awon ji da gani da jini ba wanda zai hana ki. Makarantun gwamnati da yawa a nan suna da shirin masu wahalar koyo, wato su'ubatut ta'allum, da ɗaki na musamman da suke kira gurfatul masadir, inda malami ke ɗaukar yaro shi kaɗai ko cikin 'yan kaɗan. A tambaya ko makarantarsu na da shi, in babu wacce ke kusa ke da shi. A roƙi malamin aji ya daina tashinsa karatu a gaban yara, ya zaunar da shi gaba, ya riƙa yi masa wasu tambayoyin da baki. In kun je hutu gida, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Amfanin can shi ne za a yi hira da yaro da Hausa, a ga tunaninsa a harshen uwarsa. Amma karatun Larabcinsa da rahoton da makaranta za ta karɓa, a nan Jidda za a fi yin su.

A gida kuma ki karɓi zaman daren nan daga hannun Abbansu, ko ku raba: shi ya ɗauki tilawa, inda yaron ke haskakawa, ke ki ɗauki baƙi. Minti goma sha biyar ya isa, kullum, ƙanwarsa ba ta wurin. Baƙi biyu kawai a mako, waɗanda ba su yi kama da juna ba. Ki zuba shinkafa ko gishiri a faranti ya rubuta da yatsa yana furta sautin da ƙarfi. Ki yi amfani da haddarsa: ku buɗe surar da ya fi iyawa, ya sa yatsa yana bin kalma ɗaya-ɗaya a hankali, sannan ki nuna wata kalma a tsakiya ki ce wannan fa, don ki raba hadda da karatu. Kuma kada kowa ya ce ku daina Hausa a gida wai ita ke rikita shi. Jin harshe biyu ba ya haifar da larurar koyo, yaron da ke da ita zai kasance da ita ko harshe ɗaya yake ji.

Ranar da rahoton ya fito kada idonki ya tsaya kan lamba ɗaya. A ma'aunin nan 100 ne tsakiya, kuma kusan kashi biyu cikin uku na yara suna tsakanin 85 da 115. Ba a maganar raunin basira sai maki ya sauka wajen 70 ko ƙasa, kuma sai an ga yaro ya gaza a harkokin yau da kullum, sa kaya, aike, kula da kansa, ba a takarda kaɗai ba. In aka ba ki jimilla mai ƙasa, ki ce a nuna miki makin ɓangaren harshe daban, na ɓangaren siffofi daban. In tazara ce mai faɗi a tsakaninsu, jimillar ba ta faɗi gaskiyar ɗanki ba, ki nemi a yi bayanin haka a rubuce. Shafin da ya fi muhimmanci shi ne na ƙarshe, na shawarwari: me malami zai canja, zama nawa a mako, wa zai yi, yaushe za a sake aunawa. In babu wannan shafin ki koma ki nema, don shi kika biya. Ki yi kwafi, ki ba makaranta kwafin, asalin ya zauna tare da fasfo.

Ku karɓi lokacin safe, ya yi barci sosai, ya karya kumallo. Kada ki ce masa jarrabawa ce, kada ki ce masa asibiti za a je a gyara shi. Ki ce akwai wani malami da ke son ya ga yadda kansa ke aiki, zai ba shi wasannin haɗa abubuwa da tambayoyi, wasu masu sauƙi, wasu an yi su ne don manyan yara, in bai sani ba ya ce bai sani ba, ba duka, ba maki a allo. Ki tafi da littattafansa na aji biyu da na aji uku, da katin rigakafinsa, da takardar makarantar. In rahoton ya zo da Larabcin likitoci ya ɗaure miki kai, ki rufe sunansa ki turo min, mu karanta tare.